Yatsun Mai Gyaran Agogo

Zuwa ga 'yata Daƙiƙa,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Yaya karatu, yaya baƙunta? Ina fata kina cin abinci a kan lokaci, don na san halinki, tun ranar da aka kawo ki gidan nan kina 'yar mitsitsiya ba ki taɓa zama wuri ɗaya ba, abin da ya sa na laƙaba miki wannan suna ke nan. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Innarki ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Ta ce in kira ki a waya in huta, na ce a'a. Abin da ya sa mutane suka daina ɗaura agogo, ya kashe mini rabin kasuwa, ba shi zan zauna in kai wa kukana ba. (Ni Inna na ce rigima ce kawai irin tasa.) Na ga ta ƙara wani abu da ban faɗa ba, ta kuma ƙi karanta mini. Ki yi watsi da shi.

Maganar ita ce hannuwana. Kin bar ni ina ƙorafin yatsu da safe, to abin ya wuce nan. Yanzu in na tashi sai in ji hannuwan sun sandare kamar ba nawa ba, sai rana ta ɗaga sosai kafin in iya dunƙule su. Gaɓɓan sun kumbura, suna zafi, dama da hagu iri ɗaya. Maɓallin riga ya gagare ni. Shekaranjiya wani malamin makaranta ya kawo agogo a sa masa batir. Batir kawai, Daƙiƙa, aikin da nake yi ina hira ban ko duba ba. Hantsaki ya yi ta suɓuce mini, mutumin yana tsaye yana kallo, a ƙarshe na ce masa ba ni da irin batirin. Ga shi nan cike da durowa.

Likitar gaɓɓai ta ce ƙwayar da ta ɗora ni a kai, wadda ake sha sau ɗaya a mako, ba ta riƙe ciwon yadda take so ba. Tana so ta ƙara mini wata allura da ake yi duk mako biyu. Ta yi bayani, wai maganin yana tare wani saƙo ne a cikin jini. Na yi ta gyaɗa kai don mutane na jira a waje, amma ban gane komai ba. Ke da kike karatun haɗa magunguna, warware mini. Ni ba na sa wa agogo abin da ban san aikinsa ba, balle jikina.

Wani abu kuma. Mai wayoyin da ke jikin shagona ya tsiri zuwa gaishe ni kullum, yana gaisuwa yana kallon bango. Ya riga ya gaya wa mai ginin cewa in na gaji, yana so a fasa tsakani ya haɗe da nasa. Ban gaji ba. Agogon mahaifiyarki kuma, Allah Ya jiƙanta, yana nan a durowar sama cikin ƙyallensa. Na yi miki alkawari zai yi tafiya a hannunki ranar da za ki karɓi takardar gama karatu, ban manta ba. Sai dai ina jin tsoro, gaskiya nake gaya miki. Ban taɓa tsoron teburin aikina ba sai bana.

Kawunki

*

Kawu,

Na amsa sallamarka. Ina gaishe ka da jiki, ina gaida Inna da aikin rubutu. Abin da ta ƙara na karanta shi, kuma ina bayanta. Ina cin abinci, ko da yake ba a kan agogonka ba.

Maganar batirin nan ta sa ni kuka. Da na gama na ɗauko littafina, ga abin da na sani. Ka dai riƙe cewa ni ɗaliba ce, likitarka ita ke da magana ta ƙarshe.

Ba sanyi ne ya shige ka ba, ba kuma tsufa ba ne. Garkuwar jikinka ce, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ta yi kuskure ta juya kan tantanin da ke lulluɓe da gaɓɓai daga ciki. Ƙwayoyin garkuwar nan ba sa motsi sai da aike. Suna sakin wasu ƙananan sinadarai, a littafi saitokain ake ce musu, ni ina ce musu 'yan aike. Ɗan aike ya fita ya ce a taru a wuri kaza akwai abokin gaba, sai jini ya kwararo, wurin ya kumbura ya yi zafi. In ƙaya ce ta soke ka, wannan aiken alheri ne. A wurinka kuwa babu ƙaya, amma 'yan aiken sun ƙi yin shiru, kullum kira suke. In aka daɗe a haka, kumburin yana cin guringuntsi da bakin ƙashi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa ka ga likitar tana sauri.

Allurar da ta ce, an ƙera ta ne don ta kama ɗaya daga cikin manyan 'yan aiken, wanda ake kira TNF, ta riƙe shi kafin ya isar da saƙonsa. Shi kaɗai take nema. Amma da yake shi ɗin ma yana da amfani in cuta ta gaske ta shigo, za su fara duba ka tukuna, su ɗauki hoton ƙirji, su yi gwajin tarin fuka da na ciwon hanta. In kana kanta ka ji zazzaɓi, ko tari ya ƙi tafiya, don Allah kada ka yi jarumtar nan taka, ka koma asibiti kafin allura ta gaba. A firiji ake ajiye ta, amma ba a wurin ƙanƙara ba, in ta daskare ta lalace.

Da ni ce, zan yarda a yi mini. Mai wayoyi kuma ka ce ina gaishe shi, ya sassauta wa bangon nan ido.

'Yarka, Daƙiƙa

*

Daƙiƙa,

Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Har yanzu Innarki ce mai biro.

Na sa ta karanta mini bayaninki sau biyu. Wannan ai zance ne da mutum zai gane. Na je na ce wa likita na yarda a kama ɗan aiken, ta yi dariya ta ce wa ya gaya mini, na ce ina da mutum a cikin gida.

Gwaje-gwajen sun fito lafiya, an fara. Abin kamar babban biro yake, a cire murfi a danna a cinya. Yatsuna ba sa iya dannawa, Innarki ce ke yi, kuma ina ganin tana jin daɗin aikin fiye da yadda ya kamata. (Rufe ido yake yi kamar yaro.) Ta ware wa kwalin wuri a tsakiyar firiji, ta kori madara da ƙwai zuwa ƙasa, ko ruwa zan ɗauka sai ta biyo ni ta ga ban ture shi ba.

Ban ji wani canji ba tukuna. Likita ta ce in yi haƙuri, ba a kwana ɗaya yake nunawa ba. Shago ina buɗewa in zauna don kada a ce na rufe. Na mayar da mutum biyu jiya.

Kawunki

*

Daƙiƙa,

Dubi rubutun nan da kyau. Ya karkace, na sani, amma nawa ne.

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwar shirun da na yi. Na ƙi rubutowa ne sai na tabbatar, kada in sa ki murna a banza. Abin ya zo a hankali. Da farko na lura ina iya riƙe kofin shayi da hannu ɗaya. Sai wata safiya na tsinci kaina a bakin ƙofa na gama sa maɓallan rigata tun daga wuya har ƙasa, ban ma san na yi ba. Na koma ciki na nuna wa Innarki, ta ce to sai me, ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

Kumburin ya saɓe. Zoben da na cire tun bara ya koma yatsansa. Babban yatsana na dama ne kawai yake ɗan ciza in na matsa, likita ta ce shi ya riga ya ɗan taɓu tun kafin a fara, a lura da shi.

Na koma aiki. Na fara da agogunan bango, na dawo na hannu. Na aika aka kira malamin nan na sa masa batirinsa, na ce kaya sun iso. Na maƙala madubina a ido, na ɗauki sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba, ya zauna a raminsa tashi ɗaya. Wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Allurar ma na karɓe ta daga hannun Innarki, ni nake yi wa kaina, ta yi fushin kwana biyu an raba ta da sarauta.

Mai wayoyi ya rage gaisuwa.

Kawunki, da hannunsa

*

Kawu,

Alhamdu lillahi, Kawuna ya warke! Na zagaya da wasiƙar ɗaki ɗaki ina nuna wa ƙawayena rubutunka, suna ta kallona kamar na zautu. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, ka ce na ga abin da ta yi da gefen mayafi ko ba na nan.

A gaggauce nake rubutu. An tura mu aikin koyo wani ƙaramin asibiti can bayan duwatsu, gobe mota za ta kwashe mu, sai ƙarshen zango za mu dawo. An ce waya ba ta kamawa a can, wannan kam zai yi maka daɗi. Wasiƙu kuma a nan makaranta za su jira ni, don haka in ka ji shiru kada ka damu.

Ka ci gaba da aikinka lafiya. Yanzu hankalina ya kwanta, zan tafi da zuciya ɗaya.

Daƙiƙa

*

'Yata,

Na san ba za ki ga wannan da wuri ba, amma hannu ya samu biro ya ƙi ajiyewa. Muna lafiya. Allah Ya ba da sa'ar abin da aka je nema.

Tunda ke da kanki, mai karatun abin, kin ce na warke, na yi abin da kowane mai gyara zai yi. Na rufe. Kin taso a gefen teburina, kin san ƙa'idata: agogo in ya tashi, a mayar masa da bayansa a ƙyale shi. Masu lalata agogo su ne masu yawan buɗe shi. Mutum ya ga abu yana tafiya daidai, ya ce bari in ƙara masa mai, man ya tara ƙura, ƙurar ta cinye haƙoran injin. Na ga irin wannan ba adadi. To jiki ma na ga ya tashi, 'yan aiken sun yi shiru, me za a ci gaba da kamawa? Kuma ke kika ce allurar tana rage wa mutum ƙarfin yaƙi da cuta ta gaske. Ban ga dalilin barin ƙofa a buɗe ba tunda aiki ya ƙare.

Saboda haka na ajiye allurar, na ajiye ƙwayar. Ranar da likita ta ce in koma ban je ba, don ni a sana'ata in mutum bai dawo ba, shi ne yabo. Na bar wa masu ciwo layi. Sauran alluran suna nan a firiji, in na samu sarari zan mayar mata ta ba wani. Innarki ban gaya mata ba, kin san ta da tsoro.

Ga labari mai daɗi. Na buɗe agogon mahaifiyarki. Irin na da ne, ba ya cin batir, kullum sai an murɗa ɗan kansa. Mai ya bushe a ciki, sifirin ɗinsa, naɗaɗɗen ƙarfen da ke tura shi, ya gaji, wani haƙori ɗaya ya lanƙwashe. Na warware shi kaf, na wanke kowane yanki, na jera su a kan farin ƙyalle na kife da kofin gilashi. Ina jiran sabon sifirin daga wurin wani tsohon abokin sana'a. Ran da na buɗe bayansa na ga alamar da na yi da tsinin allura lokacin da na saya mata shi, tana budurwa. Ƙanwata ce guda ɗaya, kuma ina kewarta.

Kawunki

*

Daƙiƙa,

Innarki ce. Wannan tawa ce ni kaɗai, bai san na rubuta ba. Na yi ta kiran wayarki ba ta shiga. Ina fata kina lafiya.

Ciwon Kawunki ya dawo, kuma ya fi na da. Ya fara ɓoye mini. Na ga ya koma sa riga marar maɓalli, na ce ko zafi ne. Na ga yana barin shayi ya huce ya sha da hannu biyu. Sai ranar da nake wanke firiji na jawo kwalin nan, na ji shi da nauyi, na buɗe na gan su a jere ba a taɓa ba. Na kai masa har gado na ce Malam, mene ne wannan? Ya ce ai an gama gyara. Na ce wa ya ce an gama? Ya ce yarinyar nan ta faɗa.

Ba na rubuto don in ɗora miki laifi ba, ki ji ni da kyau. Na san mijina, ko ba ki faɗa ba da ya nemo wanda zai faɗa. Yanzu har gwiwa da kafaɗa sun shiga. Babban yatsan nan na dama ya kumbura ya karkace, ko cokali ba ya riƙewa. Na ce mu koma asibiti, ya ce da wane ido zai kalli likitar. Kunya ce take cinsa fiye da ciwon.

Ni nake raka shi shago in buɗe masa ƙofa, don makulli ya gagare shi. Ya zauna a gaban kofin gilashin nan ya yi ta kallon agogon mahaifiyarki a warwatse. Sifirin ya iso, yana cikin takardarsa. Ya hana ni ko share teburin, wai kada iska ta ɗauke wani abu. Ni kuma ba agogon nake kallo ba, shi nake kallo, kuma raina ba daɗi.

Maganarki yake ji. Ki rubuto masa.

Innarki

*

Kawu,

Yau na dawo, na tarar da wasiƙarka da ta Inna a akwati ɗaya. Kada ka yi mata faɗa, da ba ta rubuto ba da ni zan yi fushi da ita. Na fara karanta taka, tun ban kai rabi ba na gane abin da na jawo.

Ina gaishe ka da jiki. Na ce ka warke, kuma ba haka ba ne. Murna ce ta sa bakina ya riga ilimina. Na zauna na yi maka dogon bayani a kan 'yan aike, na bar abin da ya fi kowanne muhimmanci, don a wurina abu ne da kowa ya sani. Ka yafe mini.

Ga shi yanzu, a fili. Allurar ba ta gyara kuskuren da garkuwar jikinka take yi ba. Kuskuren yana nan. Jikinka kullum yana sakin sababbin 'yan aike, allurar tana kama waɗanda ta tarar, sannan ita ma ta ƙare a cikin jini. Shirun da ka ji, shirun tsarewa ne. Da ka ajiye ta, hanya ta buɗe musu. Akwai waɗanda likita ke rage wa magani in ciwon ya daɗe a kwance, amma a hankali ake yi, ana dubawa, kuma ita ke yanke wannan, ba ni ba, ba kai ba.

Kada ka ɗauko na firiji ka ci gaba da kanka. Ka je wurinta gobe, ka gaya mata komai yadda ya faru. Ba kai ne na farko da ya yi haka ba, ba za ta cinye ka ba. Ina jin haushinka, Kawu, ina kuma jin haushin kaina, amma duk wannan zai jira. Yatsan nan ne ba zai jira ba.

Daƙiƙa

*

'Yata,

Mun koma hannun Innarki. Ta ce wannan karon ba za ta ƙara komai ba. Ina gaishe ki da dawowa.

Babu abin yafewa tsakaninmu. Na kwana ina juya maganarki, sai na gane inda na ɓata. Ni na ɗauka gyara aka yi mini, ashe murɗawa ce. Agogon da ake murɗawa, in ka ji yana tafiya daidai ba ka cewa ya gama buƙatarka, gobe ma sai ka murɗa. Ni da na yi rayuwata ina gaya wa mutane haka, ga ɗaya a warware a gabana, amma ban ga kaina a ciki ba.

Na je. Likita ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta sa aka ɗauki hoton hannuwan, ta ɗaga shi a haske ta nuna mini gindin babban yatsan. Ko ni da ban iya karatun hoto ba na ga bakin ƙashin ya zaizaye, kamar haƙorin agogon da ya daɗe yana aiki ba mai. Na tambaye ta ko akwai sabo a sa. Ta ce irin wanda nake nufi, babu.

Ta mayar da ni kan ƙwayar da allurar. Mun jira, mun jira, bai kama kamar na farko ba. Ta ce yakan faru, wani lokaci in an yi hutu jiki yakan gane maganin ya ɗauke shi baƙo ya riƙa kore shi. Yanzu ta canja mini wata. Wannan wani ɗan aiken take bi, IL-6, na sa Innarki ta kwafo sunan daga takarda. Ta ce ita ba kama shi take yi ba, ƙofar da yake ƙwanƙwasawa take toshewa. An sake gwajin jini an fara.

Mai ginin ya zo da kansa, mai wayoyi na biye da shi yana sunkuyar da kai. Bai yi rashin mutunci ba. Ya ce shago a buɗe ba a aiki, ba ya yi wa kowa amfani, in faɗa masa matsayata kafin shekara ta fita. Na ce na ji. Ban san me zan ce masa ba, Daƙiƙa. Bikin gama karatunki yana matsowa, agogon yana nan a ƙarƙashin kofi.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ku da Inna. Ina cikin jarrabawar ƙarshe, gajeriya ce wannan.

Na sauke maka alkawarin nan. Ka tattara agogon yadda yake ka zuba a ƙaramar kwalba, zan ajiye shi a haka, na Umma ne ko yana tafiya ko ba ya yi. Kada ka takura wa yatsan saboda ni. Ni ba agogo ne ya rene ni ba, hannun nan ne, shi nake so a lallaɓa.

Sabuwar allurar ka ba ta lokaci. Ka riƙa yin motsa yatsun da suka koya maka ko ba ka so.

Daƙiƙa

*

Zuwa ga 'yata Daƙiƙa,

Sallama. Ina taya ki murnar gama jarrabawa, Allah Ya sa albarka. Muna lafiya, Innarki tana ta shirin tafiya wurin bikinki, ni likita ta ce doguwar mota ba yanzu ba, gwiwa ba ta gama saki ba. Ta hannun Innarki wannan za ta iso, tare da ɗan ƙunshi.

Rubutun nawa ne. Tsakanin manuni da na tsakiya nake maƙale biron, shi ya sa kika ga haruffan sun yi girma. Sabuwar allurar ta kama. Ba ta yi saurin ta farko ba, amma kumburin ya sauka, safiya ta dawo safiya. Yatsu tara sun dawo aiki. Babban na dama ya daina zafi, sai dai ba ya matsewa, kuma likita ta ce haka zai zauna.

Na ba mai ginin amsa. Mai wayoyi ya karɓi rabin gaba, inda gilashin agogunan hannu yake. Ni na riƙe teburina da bangon baya. Na sa an sake rubuta allon ƙofa, yanzu agogon bango da na tebur kawai nake karɓa, masu manyan haƙora da yatsu tara za su iya. Ranar da aka fitar da gilashin na ce wa Innarki ina da aiki a gida, don ba na so in gani.

Kin sauke mini alkawari, na gode, amma ni ban sauke ba. Ban takura wa yatsan ba, kada ki yi faɗa. Da rana nake zama, lokacin da hannu ya fi laushi, in sa yanki ɗaya ko biyu in kife kofi in tashi. Na koyi riƙe hantsaki wani iri, da wani ya gan ni da ya ce ban taɓa aikin ba. Wani sukuru ya yi mini tsalle, ni da Innarki muka wuni a ƙasa da tocila. Aikin da a da nake gamawa kafin shayi ya huce, ya ci mini makonni. Shi ne agogon hannu na ƙarshe da zan buɗe, kuma na ji daɗi da ya zama nata.

Da na mayar masa da bayansa, na ɗauke shi in murɗa. Kin san ɗan kan nan ƙanƙane ne, sai an matse shi tsakanin babban yatsa da manuni. Na gwada, ya ƙi. Na koma hannun hagu, ya yi ta zamewa. Na gyara shi tun daga sifirin har hannayensa, amma na kasa tashinsa. Na zauna na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Sannan na kira Innarki, ta murɗa, ta kara mini a kunne. Yana tafiya, Daƙiƙa, daidai yake tafiya.

Na ce kada ta taɓa shi a hanya, don haka zai iso miki a tsaye. Kada ki tsorata, ba lalacewa ya yi ba. Ki murɗa shi da kanki, a hankali, sai kin ji ya ɗan yi tauri ki tsaya. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kada ki jira sai ya tsaya, kuma kada ki ce don yana tafiya lafiya ya daina buƙatarki.

Tawa allurar jibi ce. Tunda Innarki za ta yi tafiya, na gwada dannawa da tafin hannu, yana yi.

Kawunki